Tarihin Tara Littattafan Komik: Daga Senti 10 Zuwa Dala Miliyan 6

Waɗanda muka yi zamani tare da su tsakanin 2001 da 2007 ba za su manta da wani kwalin taliya da ke ƙarƙashin gadona a ɗakin kwananmu ba, wanda saboda shi aka laƙaba mini sunan Sarkin Komik. A cikinsa nake tara littattafan nan na labari cikin zane, irin su Supa Strikas da Archie da Tintin da 'yan tsirarun Spider-Man waɗanda bangonsu ya riga ya yage. Idan an yi hutu sai in tafi wurin masu sayar da littattafan gwanjo a kasuwar Sabon Gari ta Kano in tsinto su da ɗan kuɗin da na tara, idan an koma makaranta kuma in sayar da wasu da 'yar riba, wasu in ba da haya. Kuɗin hayar dare ɗaya shi ne ƙwayar sukari biyu ko rabin gwangwanin gari, wanda ya yaga shafi kuwa sai ya wanke mini kaya ranar Asabar. Lokacin da muka gama makaranta littattafan sun kai 143, ina da lissafinsu a bayan littafin darasina.

Bayan na tafi jami'a sai na bar kwalin a ɗakin ajiya na gidanmu. Da na dawo hutun shekara ta biyu na tarar gara ta cinye na ƙasa, na sama kuma an kwashe an ba wata maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai tana naɗe wa yara da su. Na yi baƙin ciki na 'yan kwanaki, daga baya na share. Sai a watan Afrilun 2024, muna zaune a ofis, wani abokin aikina ya karanto mana labarin cewa an yi gwanjon littafin komik guda ɗaya tak a Amurka a kan dala miliyan 6. Da yake ya san labarin kwalina, sai ya dube ni ya ce, “Ranka ya daɗe, ashe arzikinka aka naɗe ƙosai da shi.” Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta tsaya mini a rai. Wannan ne ya sa na shiga bin diddigin al'amarin, abin da na gano kuma shi ne nake son in kawo muku a wannan fitowa.

Asalin Littafin

Tun ƙarshen ƙarni na 19 jaridun Amurka ke buga gajerun labaran zane domin jan hankalin masu saye. A shekarar 1934 ne wani kamfanin ɗab'i ya tattara irin waɗannan zane-zane ya mai da su ɗan littafi mai suna Famous Funnies, ana sayar da shi senti 10 a wurin masu jarida. Da aka ga ya karɓu sai wasu kamfanoni suka shigo, suna neman sababbin labarai. A nan ne wasu samari biyu 'yan birnin Cleveland, wato Jerry Siegel marubuci da Joe Shuster mai zane, suka samu shiga da labarin wani gwarzo mai ƙarfin da ya wuce na bil'adama. A shekarar 1938 aka buga labarin a fitowa ta farko ta mujallar Action Comics, da hoton gwarzon a bango ya ɗaga mota sama. Wannan shi ne Superman. An buga kwafi kusan 200,000, kowane a kan senti 10.

Abin tausayi a nan shi ne samarin nan sun sayar wa kamfanin da haƙƙin mallakar gwarzon nasu gaba ɗaya a kan dala 130. Kamfani ya yi ta kwasar miliyoyi, su kuwa suka yi ta shari'a ba nasara, har sai a shekarar 1975, bayan tsufa ya kama su, aka amince a riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara, a kuma mayar da sunayensu a kan littafin. Shekara ɗaya bayan Superman, wato a 1939, Batman ya fito a lamba ta 27 ta mujallar Detective Comics. Daga nan kasuwa ta buɗe, har ya zamana ana sayar da miliyoyin littattafai a kowane wata.

Yadda Suka Ɓace

Mai karatu zai tambaya, idan an buga kwafi 200,000, me ya sa guda ɗaya zai kai dala miliyan 6? Amsar ita ce masana harkar sun ƙiyasta waɗanda suka rage a duniya ba su wuce kimanin 100 ba. Dalilan ɓacewarsu kuwa guda uku ne manya.

Na farko, takardar da aka buga su da ita irin ta jarida ce, mafi araha, wadda ke da wani sinadari mai tsami da ke sa ta yin ja ta riƙa karyewa da kanta, balle an bar ta cikin zafi ko danshi. Ba wanda ya buga su domin su daɗe. Yaro ya karanta, ya naɗe ya sa a aljihu, ya ba abokinsa, shi ke nan an gama da shi.

Na biyu, Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan Amurka ta shiga yaƙin a Disambar 1941, an yi ta gangamin tattara tsofaffin takardu domin a sake sarrafa su, yara 'yan makaranta da 'yan sikawut kuma su ne kan gaba wajen bi gida-gida. Littattafan komik masu ɗimbin yawa sun tafi ta wannan hanya, yaran da suka mallake su ne ma suka miƙa su da hannunsu don kishin ƙasa.

Na uku, ƙyamar da manya suka yi musu. Bayan yaƙi labaran ta'addanci da na ban tsoro suka yawaita a cikin littattafan, iyaye da malamai da shugabannin coci suka tashi tsaye. A shekarar 1948 an tara littattafan an cinna musu wuta a bainar jama'a a wasu garuruwa, ciki har da Binghamton ta Jihar New York. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya wallafa littafi yana zargin komik da lalata tarbiyyar yara, a wannan shekarar kuma wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya yi zaman jin bahasi a kan batun. Don gudun kada gwamnati ta sa musu takunkumi, kamfanonin suka kafa hukumar tace kansu da kansu, wadda hatiminta ya ci gaba da fitowa a bangon littattafai har zuwa 2011. Kamfanoni da dama sun durƙushe a wannan tsakani. Sauran aikin kuma iyaye mata suka ƙarasa shi, domin da zarar yaro ya girma ya bar gida sai a share ɗakinsa a zubar da tarkacen. Da na zo nan a karatuna sai na ga ashe abin da ya sami kwalina ba sabon abu ba ne.

Farkon Masu Tarawa

A farkon shekarun 1960 yaran da suka karanta Superman da Batman sun zama magidanta masu albashi, sai kewar ƙuruciya ta motsa musu. Suka fara neman tsofaffin littattafan, suna rubuta wa juna wasiƙu, suna buga 'yan ƙananan mujallu na masoya. Ɗaya daga cikin fitattunsu ita ce Alter Ego, wadda wani malamin jami'a mai suna Jerry Bails ya fara a 1961. A daidai lokacin ne kuma kamfanin Marvel ya fito da sababbin gwaraza, ciki har da Spider-Man a 1962 da Black Panther, sarkin wata ƙasar Afirka ta almara, a 1966. An yi taron masoya komik a birnin New York a 1964, sannan a 1970 aka fara na San Diego, wanda ya bunƙasa ya zama babban biki na shekara-shekara.

A wannan shekara ta 1970 ne wani mutum mai suna Robert Overstreet ya wallafa kundin farashi, inda ya jera littattafai da lambobinsu da kuɗin da kowane ya kamata ya yi gwargwadon lafiyarsa. A ganina wannan kundi shi ne ya mai da sha'awa ta koma kasuwanci, domin daga ranar da aka rubuta farashi a takarda, mai saye da mai sayarwa sun sami ma'auni. Kantuna na musamman suka fara buɗewa, ana sayar da sababbi a gaba, tsofaffi kuma a cikin leda da kwali a baya.

Labarin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na Edgar Church, wani mai zanen talla a birnin Denver, wanda ya yi shekaru yana sayen kusan duk komik ɗin da ya fito domin ya riƙa duba salon zane, yana jera su a ɗakin ƙasa na gidansa. Da yake iskar garin busasshiya ce mai sanyi, kuma ba yaron da ya taɓa su, sai suka zauna tamkar yau aka buga. A 1977 iyalinsa suka nemi wanda zai kwashe su don su sayar da gidan, wani saurayi mai kantin komik, Chuck Rozanski, ya saye su. Yawansu ya kai tsakanin 18,000 da 22,000. Har yanzu duk littafin da aka tabbatar daga wannan tari ya fito, kuɗinsa ya fi na 'yan'uwansa.

Haukan Kasuwa da Faɗuwarta

Wannan sashe shi ne nake so 'yan'uwana ma'aikata su karanta da kyau. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 jaridu sun yi ta ba da labarin tsofaffin littattafan da suka yi tsada, sai mutanen da ba su taɓa karanta komik ba suka shigo da niyyar zuba jari. Lissafinsu shi ne, tunda na 1938 ya yi daraja, na yau ma zai yi, don haka mutum zai sayi kwafi biyar ko goma na littafi ɗaya ya rufe a leda ya ajiye, yana jiran ranar da zai biya wa 'ya'yansa kuɗin jami'a da su. Kamfanoni da suka ga haka sai suka biye musu. Suka riƙa sake fara lissafi daga lamba ta ɗaya, suna yi wa littafi ɗaya bango iri-iri, wani mai ƙyalli, wani da kati a ciki. A 1991 Marvel ta fitar da sabon X-Men lamba ta ɗaya da bango iri biyar, aka sayar wa kantuna fiye da kwafi miliyan 8. A Nuwambar 1992 kamfanin DC ya kashe Superman a cikin labari, aka sayar da wani nau'in fitowar a cikin baƙar leda, mutane suka yi dogayen layuka a ƙofar kantuna, aka sayar da miliyoyi.

To, amma an manta da abu ɗaya. Na 1938 ya yi tsada ne saboda kowa ya zubar da nasa, na 1992 kuwa kowa ya adana nasa. Abin da ke hannun mutum miliyan, wa zai saya da tsada? Kafin shekara ta zagayo an dawo da Superman da rai, masu jari suka ga an yi musu wasa da hankali, suka fara fitar da kayansu, ba mai saye. Bugu da ƙari, tsarin cinikin shi ne kanti ya sayi kaya daga dillali ba tare da damar mayar da kwantai ba, don haka asarar ta faɗa kan masu kantuna, dubbansu suka rufe tsakanin 1993 da 1996. A Disambar 1996 ita kanta Marvel ta shigar da takardar fatara a kotu. Fina-finai ne suka farfaɗo da ita daga baya, har kamfanin Disney ya saye ta a 2009 a kan kimanin dala biliyan 4. Waɗancan littattafai na cikin baƙar leda kuwa, mafi yawansu ba su taɓa kaiwa kusa da abin da masu su suka yi mafarki ba.

Duk wanda ya zauna a ofishin gwamnati a 'yan shekarun nan ya san irin wannan zazzaɓi. Mun ga abokan aiki sun ci bashin ƙungiyar adashi sun zuba a harkar da ba su fahimta ba, don kawai sun ji wani ya samu. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, ga shi kuwa Turawa ma ba su tsira ba.

Zamanin Awo da Miliyoyi

A shekarar 2000 wani kamfani mai suna CGC ya fara aikin auna lafiyar littattafai. Za ka aika musu da littafinka, ƙwararru su duba bango da kusurwoyi da launin takarda da ƙusoshin ɗinki, su bincika ko an yi masa kwaskwarima, su ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, sannan su rufe shi a cikin akwatin roba. Wannan ya sa mutum zai iya sayen littafi ta intanet daga wata ƙasa ba tare da ya taɓa shi ba. Illarsa kuma ita ce littafin da aka rufe ba ya karantuwa, wanda ya fasa robar ya zubar da makin.

Daga nan farashi ya yi ta hawa. A Fabrairun 2010 aka sayar da Action Comics lamba ta ɗaya a kan dala miliyan 1, karo na farko da komik ya kai haka. Kwafin ɗan wasan fim Nicolas Cage, wanda aka sace daga gidansa a 2000 aka gano shi a wani ɗakin ajiya a 2011, an sayar da shi fiye da dala miliyan 2 a wannan shekarar. A 2014 wani kwafin ya haura dala miliyan 3. Wanda abokin aikina ya karanto mana a 2024 makinsa 8.5 ne. A Nuwambar 2025 kuma aka yi gwanjon Superman lamba ta ɗaya na 1939 a kan dala miliyan 9.12, wanda wasu 'yan'uwa uku suka tsinta a saman silin gidan mahaifiyarsu a Kaliforniya bayan rasuwarta. Don a ga tasirin maki, a 2013 wani mai gyaran gida a Jihar Minnesota ya tsinci Action Comics na 1938 a cikin bango, an cusa shi tare da tsofaffin jaridu don tare sanyi. Garin gardama da wata 'yar'uwar matarsa bangon baya ya yage, aka ba shi maki 1.5, aka sayar da shi dala 175,000.

Namu Na Gida

Mu ma muna da namu tarihin. Manyanmu da suka yi makaranta a ƙarshen shekarun 1960 suna ba da labarin mujallar African Film ta kamfanin Drum, wadda ta fito daga 1968 zuwa 1972. Ita da hotunan mutane na gaske aka yi ta maimakon zane, gwarzonta kuma shi ne Lance Spearman, ɗan leƙen asiri mai kwat da malafa, wanda ake rububinsa daga Legas har Nairobi. A 1976 Wale Adenuga ya fara Ikebe Super, inda Papa Ajasco ya fito kafin ya koma talabijin. Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986 littattafan waje suka yi tsada, sai dai na gwanjo, shi ya sa namu na Archie da Tintin duk sun sha hannu kafin su iso gare mu. Supa Strikas da muka yi rububi kuwa daga Afirka ta Kudu ta samo asali.

Tambayar ita ce, ina waɗannan littattafai suke yanzu? Na tambayi tsofaffin ɗalibai fiye da goma da suka girme ni, kowa yana tuna Spear, amma ba wanda ke da ko shafi ɗaya. Haka abin yake ga littattafan Adabin Kasuwar Kano, waɗanda su ma aka raina, aka ƙwace a makarantu, har aka ƙona wasu a Kano a 2007, alhali tun kafin nan masana a makarantar SOAS ta Landan sun tattara ɗaruruwansu sun yi musu kundi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, 'yan watanni bayan Superman. Gida nawa ne a ƙasar Hausa za a shiga a tarar da tsohon kwafinta?

Gaskiyar magana, da kwalina ya tsira ma ba zai sa in yi kuɗi ba, domin littattafan an buga su da yawa, sun kuma sha hannun yara da man gyaɗa. Na faɗa wa abokin aikina haka. Abin da na rasa shi ne damar in zaunar da ɗana, wanda yanzu yake aji huɗu na firamare, in nuna masa abin da ya koya wa ubansa son karatu, domin ni dai a bakin Tintin na fara ɗaukar ƙamus da kaina ba don tsoron bulala ba. Wannan ba a saye shi a wurin gwanjo.

Saboda haka shawarata ga mai sha'awar wannan harka ita ce ya tara abin da yake so ya karanta, da kuɗin da ba zai yi kuka ba idan sun tafi. Ya sa kowane littafi a leda, ya ajiye a akwatin ƙarfe nesa da ƙasa da bango saboda gara da danshin damina, kada kuma ya bari rana ta riƙa dukansa. Wanda kuma yake da tsofaffin komik ko mujallu ko jaridu a gidan iyayensa, har da tsofaffin fitowar wannan mujalla tamu, ya daure ya je ya duba su a wannan hutun kafin a yi sharar Salla. Ni na sake farawa, yanzu ina da guda 19. Duk ɗan ajinmu da ya san ya ari littafina bai dawo da shi ba, ƙofa a buɗe take, na yafe sukarin haya.